Waiwaye: Kirsimetin 'yan mishan a zangunan masu kuturta

Ranar 4 ga Disamba 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas, saura mako uku bikin Kirsimeti: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Niyyarsu su kutsa har ƙasar Hausa da wa'azi. A ƙarshen 1894, Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ne kaɗai ya koma gida da rai, bayan zazzaɓi ya kusa gamawa da shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta mishan, wadda aka sani da Sudan Interior Mission (SIM), ta samu wurin zama a Patigi.

Ko bayan Turawan mulki sun ci ƙasa, ƙofar masarautun Musulmi ba ta buɗe musu ba, domin gwamnati ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. A 1937 aka miƙa wa SIM kula da zangunan masu cutar a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina. A Garkida kuwa, 'yan mishan na cocin Brethren daga Amurka sun riga su farawa tun 1929.

A nan ya kamata mutum ya dakata ya dubi watan Disamba da idon mai kuturta. Hunturu ya kankama, fata na tsattsagewa, ga shi cutar ta kashe jijiyoyin hannu da ƙafa. Mutum zai matsa kusa da wuta don jin ɗumi, ya ƙone bai sani ba, sai gari ya waye a ga gyambo. Saboda haka ma'aikaciyar jinya da ta baro dusar ƙanƙarar garinsu, bikinta yakan same ta tana wankin rauni da ɗaurin bandeji. Magani ma a lokacin allurar man 'ya'yan itacen chaulmoogra ce, mai zafin gaske, amfaninta kaɗan. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapsone ta zo, aka fara ganin mutane suna warkewa suna komawa garuruwansu.

Wasiƙa daga gida sai ta yi makonni a jirgin ruwa. 'Ya'yan 'yan mishan kuma suna makarantar kwana a Miango kusa da Jos, wadda aka sa wa sunan Kent, hutu ne kawai ke haɗa su da iyaye. Labarin haihuwar Yesu da Hausa ake karanta shi, daga Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa.

Ba a rasa ƙorafi ba, kuma ƙorafin yana da tushe. Iyaye da malamai da yawa sun ga ana haɗa magani da wa'azi a gaban mutumin da ba shi da wani wurin zuwa, musamman yara. Ni dai ina ganin wannan ba ya goge ɗaya gaskiyar: a zamanin da dangi ke ware wa ɗan'uwansu ƙwarya da tabarma, waɗannan baƙi sun riƙe hannunsa.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin asibitocin mishan a Arewa, ikilisiyoyin kuma tuni suka koma hannun 'yan ƙasa, kamar ECWA da aka kafa a 1954. A Nijar aikin bai yanke ba. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da na Danja kusa da Maraɗi suna nan, duk da cewa yanzu tsoron masu garkuwa ya maye gurbin tsoron zazzaɓi. Jeff Woodke, ɗan mishan Ba'amurke da aka sace a Abalak a 2016, bai kuɓuta ba sai a 2023. Ranar 25 ga Disamba a Galmi ana yin sujada da safe, masu aikin ranar kuma suna ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, likitoci baƙi da ma'aikata 'yan Nijar tare.