Porsche 911

Porsche 911 motar gudu ce mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Porsche yake ƙerawa a unguwar Zuffenhausen da ke birnin Stuttgart, a kudancin Jamus, tun shekarar 1964. Abin da ya raba ta da sauran motocin gudu shi ne mazaunin injinta: yana can ƙuryar baya, har ya wuce tayoyin baya. But ɗin ɗaukar kaya kuwa a gaba yake.

Asali

An fara nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a watan Satumba na 1963, da suna 901. Kamfanin Peugeot na Faransa ya ce sunan mota mai lambobi uku da sifili a tsakiya nasa ne, sai Porsche ya cire sifilin ya sa ɗaya. Ita ce magajiyar 356, motar farko ta kamfanin, wadda injinta mai silinda huɗu ya samo tushe daga Volkswagen ƙwaro.

Ferdinand Alexander Porsche, wanda ake wa laƙabi da Butzi, jikan wanda ya kafa kamfanin, shi ya jagoranci zanen siffarta: fitilu biyu zagayayyu a kan kafaɗun gaba, bonet ya kwanta a tsakaninsu, rufi kuma ya gangaro a hankali har bamban baya ba tare da karyewa ba. An faɗaɗa motar sau da yawa tun lokacin, an ƙara mata tsawo, amma ko daga nesa aka hango ta ba a ɓata ta.

Inji

Injin farko mai silinda shida ne, lita biyu, da ƙarfin doki 130. Silindojin a kwance suke, uku a dama uku a hagu, fistin na wannan gefe yana kai da komo daura da na wancan. Wannan tsari yana rage jijjiga, yana kuma sa nauyin injin ya zauna ƙasa-ƙasa. Ferdinand Piëch da Hans Mezger na cikin injiniyoyin da suka yi aikinsa.

Ba shi da lagireton ruwa. Wata babbar fanka ce ke hura iska a kan silindoji, bakin mai kuma yana kwashe sauran zafin. Shi bakin man ba a gindin inji yake taruwa ba, tanki ne daban aka yi masa, famfo yana zagayawa da shi, domin kada inji ya rasa mai idan an sha kwana da gudu. Ƙarar fankar da ta silindoji shida su ne suka ba motar muryar da masoyanta ke ganewa tun kafin su gan ta.

Matsalar nauyin baya

A nan ne aikin injiniya na gaske yake. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar a kan tayoyin baya yake. Amfaninsa a fili yake: tayoyin da ke tura mota suna kama ƙasa sosai, birki ma yana ci da kyau. Illar ita ce kwana. Direban da ya tsorata ya ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, nauyi zai koma gaba, baya ya yi sako-sako, injin ya ja gindin motar waje har ta juya.

Maganin farko ma abin dariya ne ga kamfanin da ke alfahari da rage nauyi: an riƙa cusa guntayen ƙarfe masu nauyi a cikin bamban gaba. A 1968 aka matsar da tayoyin baya, tazarar da ke tsakaninsu da na gaba ta ƙaru da milimita 57, aka kuma raba batir gida biyu a gaba. Wani nau'in 911 da ake kira Carrera RS, mai lita 2.7, ta 1972, ta zo da ɗan fiffike a baya da ake kira wutsiyar agwagwa, wanda ke hana iska ɗaga gindin mota, tayoyin bayanta kuma sun fi na gaba faɗi. Turbo ta 1975, wato 911 mai na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, mai ƙarfin doki 260, ta sake dagula lissafi, don ƙarfinta yakan yi jinkiri sannan ya zo a lokaci guda. Sai a samfurin 911 da ake kira 993, daga 1993, sabon tsarin rataye tayoyin baya ya lafar da halin sosai.

Shugabannin kamfanin sun taɓa yanke ƙauna da wannan tsari. Sun fitar da 928 a 1977, mai inji a gaba da sanyayawar ruwa, da nufin ta gaji 911. Masu saye ba su bi su ba. Da Peter Schutz ya karɓi shugabanci a 1981, ya soke shirin dakatar da 911. An daina ƙera 928 a 1995.

Gasa

Motar ta lashe tseren Monte Carlo sau uku a jere, daga 1968 zuwa 1970. A 1984 wani samfurinta mai jan taya huɗu, René Metge a kan sitiyari, ya ci tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya keta Sahara ta Aljeriya da Nijar. Jan taya huɗu ya shigo 911 ta kasuwa da samfurin 964 a ƙarshen shekarun 1980.

Daga iska zuwa ruwa

993 ce ta ƙarshe mai sanyaya inji da iska, an rufe ƙera ta a 1998. Dokokin hayaƙi da na ƙara, da buƙatar bawul huɗu a kowace silinda, sun fi ƙarfin fanka, shi ya sa magajiyarta, 996, ta zo da lagireto. Har yau masu tara tsofaffin motoci sun fi daraja masu iskar, kuma farashinsu ya nuna haka. A watan Mayu na 2017 aka ƙera 911 ta miliyan ɗaya a Zuffenhausen, da injinta a baya da wurin tayar da ita a gefen sitiyari ta wajen ƙofa, kamar na 1964.