Fursunoni masu sharar bakin titi a Amurka: abin da doka ta ce

Lokaci-lokaci sai ka ga ana yawo da irin bidiyon nan a WhatsApp: maza cikin kaya ruwan lemo, kowa da ƙatuwar leda a hannu, suna tsintar gwangwani a gefen kwalta, ga ɗan sanda jingine da mota yana kallonsu. Nan take sai a ce ai baƙi ne marasa takardu aka kama aka sa su bauta. A kwantar da hankali, ba haka ba ne.

Waɗannan fursunoni ne da kotu ta riga ta yanke wa hukunci, galibi kan ƙananan laifuffuka, kuma gunduma ko jiha ce ke fito da su su yanke ciyawa ko su yashe magudanar ruwa. Wanda ke jiran shari'a ba a tilasta masa irin wannan aiki. Baƙon da hukumar shige da fice ta tsare ma haka. Shi nasa aikin a cikin gidan tsarewa yake, ana kiransa na sa-kai, ana biyan kamar dala ɗaya a rana.

Inda kan mutane ke ɗaurewa shi ne gyara na 13 na kundin tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1865. Kowa ya san shi ne ya haramta bauta. Amma a tsakiyar jimlar akwai togaciya: bauta da aikin dole haramun ne, sai dai in hukunci ne ga wanda aka tabbatar wa laifi. Da wannan ƴar ƙofa jihohin kudu suka shafe shekaru suna gina tituna da fursunoni, akasarinsu baƙar fata, ɗaure da mari a ƙafa. Jihar Alabama ta dawo da marin a 1995, ta janye bayan shekara guda da aka yi mata ca.

To idan fursuna ya ce ba zai fita ba fa? Ba sabuwar shari'a ake yi masa ba, horon cikin gida ne. Ana iya hana shi ziyara, ko a kulle shi shi kaɗai, ko a soke masa kwanakin ragi da ya tara. Wannan na ƙarshe shi ya fi ciwo, domin mutane da dama don a rage musu wa'adi suke fita, wasu kuma don su sha iska kawai. Masu kare tsarin kan kafa hujja da wannan. Ni dai da wuya in kira abu zaɓi alhali ƙin yin sa yana tsawaita maka zaman kaso.

Lada kuwa, ƴan kwabbai ne a awa, kuma a jihohin Texas da Jojiya yawanci ko sisi ba a ba su. Kolorado ta goge togaciyar daga nata kundin a 2018, wasu jihohi suka bi sahu, amma da aka kai maganar gaban masu zaɓe a Kalifoniya a 2024, sai suka ce a bar ta yadda take.