Walwalar Ɗalibai da Ma'aikata a Jami'o'in Kebbi da Zamfara

Walwala a jami'a, ko jin daɗin ɗalibai da ma'aikata kamar yadda wasu ke cewa, ita ce duk abin da ke riƙe da mutum a makaranta wanda ba lakca ba ne kuma ba jarrabawa ba: wurin kwana, ruwa, wuta, abinci, magani, tsaro, abin hawa, albashi kan kari, da wanda za ka kai ma kuka in abu ya sha maka kai. A takarda akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai ƙarƙashin Din, wato malamin da ke shugabantar ofishin, akwai kilinik, akwai sashen tsaro da ofishin ba da shawara. A aikace kuwa nauyi mai yawa yana wuyan abokan ɗaki, masallaci da coci, ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da adashin ma'aikata.

Jami'o'in jihohin nan biyu duk sabbin jini ne. Ta jihar Kebbi da ke Aliero, garin albasa da masu ɗori, a 2006 anka kafa ta. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Gusau sun zo tare a 2013, ta jihar Zamfara da ke Talata Mafara a 2018, sai ta aikin gona ta Zuru a 2020. Wanga ƙuruciya ta shafi walwala kai tsaye, don makarantar da ba ta daɗe ba ajujuwa da ɗakunan gwaji take fara nema, ɗakin kwana da gidan malami sai daga baya in Allah ya hore.

Asali

Tsofaffin da sunka yi jami'a a Zariya ko Sakkwato shekarun 1970 in sunka fara ba da labari sai ka ɗauka wata ƙasa ce daban. Kafteriya na dafa abinci sau uku, ɗalibi ya miƙa tikiti ya karɓi tire. Har ma babbar tarzomar ɗalibai ta 1978, wadda ake kira Ali Must Go, ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin yini ne ya tayar da ita, lokacin Kanar Ahmadu Ali na riƙe da ma'aikatar ilimi, kuma an rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Cikin shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa, daga nan kowa ya koma ga risho da tukunyarsa. Jami'o'in Kebbi da Zamfara ba su tarar da wancan zamani ba sam.

Wurin kwana

Nan ne tushen matsalar, kuma duk wanda ya yi karatu a yankin ya san haka. Gadajen hostal ba su kai yawan waɗanda ake ɗauka ba, shi ya sa ranar da anka buɗe fotal ta neman gado kowa na manne da wayarsa tun dare, wanda netwok ya yi ma gardama ya tashi a tutar babu. Sai raɓe ya biyo baya, wato wanda bai samu gado ba ya laɓe a ɗakin abokinsa. Ɗakin da anka yi don mutum huɗu za ka shiga ka tarar da katifu jingine da bango da rana, bokitai jere ƙarƙashin gado, buhun garin kwaki da galan ɗin manja a lungu, ga soket ɗaya tal da wayoyi sunka yi ma caa ana jiran a kawo wuta. Hukuma ta hana raɓe, amma kusan kowa na kau da kai, don in ka kori yaron da ya taho daga Bena ko Dansadau ina za shi kwana?

Watan Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, rufin kwano ya mayar da ɗaki tanda, maza su kwaso tabarmi su baje a fili, mata kuwa ba su da wanga gata sosai. Ruwa ma haka. Inda babu bohol mai sola, in wuta ta ɗauke famfo ya ɗauke, da asuba ka ga layin jarkoki, mai lakcar ƙarfe takwas na lissafin ko ya jira layi ko ya sayi na 'yan garuwa. Hukumar TETFund mai tallafa ma manyan makarantun gwamnati, wadda dokar 2011 ta kafa kuma ake tara kuɗinta daga harajin ribar kamfanoni, ita ke da mafi yawan manyan gine-ginen da ake gani da sunanta manne a jiki, sai dai yawan ɗalibai kullum yana gaba gini na biye.

Wanda bai samu gado ba sai haya a ƙauyukan da ke kewaye, kuma a nan ne maganar masauki ke komawa maganar tsaro. A watan Satumba 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na Sabon Gida, daura da Jami'ar Tarayya ta Gusau, sunka tafi da ɗalibai sama da 20, galibinsu mata. Kafin nan an ga na Jangebe a Fabrairun 2021 da na Birnin Yauri a Yunin shekarar, waɗanda duk da makarantun sakandare ne sun sa iyaye da yawa tunani biyu kafin su bar ɗiya mace ta kwana nesa da gida. Katanga, fitilun sola da motocin sintiri suna taimakawa, amma a ganina babu matakin tsaron da ya kai a samar da isasshen gado cikin makaranta.

Abinci, mota da aljihu

Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya taɓa ɗalibi ta wuri biyu, kuɗin kabu-kabu da farashin kwanon shinkafa, kuma tun da matsugunan jami'o'in suna wajen gari ba a iya takawa a ƙafa. Ɗalibai na da lissafinsu na raha, sifili-ɗaya-sifili, wato ba kari ba cin dare sai na rana kaɗai. Garau-garau, awara, taliya da manja, su ne abincin samista in ta yi nisa. Na Zamfara ba za su manta Satumban 2021 ba, da anka katse layukan waya a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuɗin da ake turowa daga gida ya maƙale, mai POS ya naɗe hannu.

Asusun bashin karatu na NELFUND ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, ba ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Rashin kuɗin ruwan nan ya kwantar da hankalin iyaye da dama da sunka fara tambayar malamai ko akwai riba ciki.

Lafiya

Cikin kuɗin rijista akwai na inshorar lafiyar ɗalibai, shirin TISHIP, wanda ke ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta mayar NHIA. Da yawa suna biya ba su san sun biya ba. Kilinik na makaranta na duba maleriya, taifot da olsa, abin da ya fi ƙarfinsa a tura babban asibiti kamar Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko Yariman Bakura a Gusau. Sanƙarau kuwa abokin zafi da cunkoso ne, annobar 2017 ma daga Zamfara ta faro, shi ya sa ɗaki mai mutum takwas da taga ɗaya ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ciwon damuwa shi ne wanda ba a faɗi. Yaro ya sha kariyoba biyu, wato ya faɗi kwas biyu sai ya maimaita, an sace wani nasa a gida ana haɗa kuɗin fansa, ya daina fitowa lakca, ya daina wanka, abokai su ce miskilanci ne ko aljanu, wasu su ce ya fara ƙwaya, wani lokacin kuma da gaske ya fara, don duk da an hana maganin tari mai kodin a 2018 tiramadol bai ɓace ba. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, amma kalmar Kware kanta tsoro take ba mutane. Ofishin ba da shawara yana nan, sai dai ɗalibi ya fi sakin jiki da limamin masallacin hostal ko wata malama da ta saba tambayarsa ya gida.

Ma'aikata

Malamai na da ƙungiyarsu ASUU tun 1978, sauran ma'aikata na da nasu ƙungiyoyin, SSANU, NASU da NAAT. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, gwamnati ta riƙe albashi da hujjar ba aiki ba biya, an ga malamai sun koma gona, wasu sun sayar da mota. Rigimar tsarin biyan albashi na IPPIS ma ta ja shekaru kafin a amince a cire jami'o'i a Disamban 2023. Farfesa na ritaya a shekara 70, sauran a 65, fansho kuma ma'aikaci na zuba kashi 8 gwamnati kashi 10 bisa dokar 2014.

Abin da ke rufa asiri tsakanin albashi da albashi shi ne ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, ana yankar wani abu duk wata, azumi ya zo a raba shinkafa da suga bashi, layya ta zo a samu rago, wani da ita ya sayi fili. Masu shara da masu gadi na kwantiragi galibi ba su cikin wanga rufin asiri, alhali su ne farkon zuwa da safe.

Zumunci

MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da anka kafa a 1954, ita ke shirya buɗa-baki a masallaci da darasin taimako ga 'yan aji ɗaya, ƙungiyar FCS ma na yin irin haka ga ɗalibai Kiristoci. Ga ƙungiyoyin ƙananan hukumomi, 'yan Argungu, Yauri, Zuru, Gummi, Anka, Shinkafi, su ke tarbar baƙo a tasha, su raka shi rijista, in an yi rasuwa su haɗa kuɗin mota. A Kebbi musamman ɗaki ɗaya kan haɗa Bakabe, Bazabarme, Badakkare da Bafulatani, wasan barkwanci na tsakaninsu na kashe faɗa tun kafin ya kai ga Din.

Waɗanda tsarin ya fi mantawa su ne matan aure masu goyo da masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu da anka sa ma hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce, har yau akwai ajin da ke saman bene, abokai ke ɗaukar mai keken guragu su hau da shi. Mai goyo kuma takan taho da ƙanwarta ko 'yar raino, ta shimfiɗa mata zane ƙarƙashin dogon yaro bakin aji, in jariri ya yi kuka a leƙo ta taga a yi mata alama ta fito.