Agajin Gaggawa a Hatsarin Ruwan Sinadari Mai Guba Mai Cin Wuta

Agajin gaggawa a irin wannan hatsari shi ne matakan da 'yan kwana-kwana, ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro ke ɗauka idan ruwan sinadari mai guba, wanda kuma ke cin wuta, ya tsiyaye ko ya kama da wuta a masana'anta, rumbun ajiya ko kan hanya. Wahalar aikin ita ce haɗari biyu ne suka haɗu wuri guda, kuma sau da yawa abin da ke maganin ɗaya shi ke rura ɗayan.

Gane sinadarin

Ba a kusantar wurin sai an san abin da ya zube. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da tiririnsa ke kama wuta a zafin digiri 60 na Selshiyos ko ƙasa da haka yana aji na 3, masu guba kuma suna aji na 6.1. Kowane sinadari na da lamba mai alƙaluma huɗu. Ta metanol, wani dangin barasa mai guba, 1230 ce; ta anilin, sinadarin da ake haɗa rini da shi, 1547. A Turai tankokin dakon sinadarai na ɗauke da allo ruwan lemo mai layi biyu: idan an ga 336 a sama da 1230 a ƙasa, metanol ne, mai saurin kama wuta kuma mai guba. Daga nesa ake karanta allon, da tabarau mai hangen nesa in da hali. Shinshina wari don a gane sinadari ganganci ne.

Killace wuri

Littafin jagorar agajin gaggawa da ake kira ERG, wanda hukumomin sufuri na Amurka, Kanada da Meziko ke sabuntawa duk bayan shekara huɗu, ya ce a fara janye mutane aƙalla mita 50 ta kowace fuska. Idan tanka ce ko taragon jirgin ƙasa ke ci da wuta, sai a kai mita 800. Masu agaji kan tsaya ta inda iska ke tasowa, kuma a kan tudu, domin tiririn yawancin waɗannan sinadarai ya fi iska nauyi. Yana bin ƙasa, ya taru a lambatu da ramuka, har ya iske tartsatsi a nesa, wutar ta biyo shi da gudu zuwa inda ya fito. Shi ya sa ake kashe injina, a hana taba, a hana ko kunna makunnin lantarki.

Kashe wutar

Nan ne gwaninta ke bayyana. Harshen wutar metanol shuɗi ne mai dishi-dishi, da rana kusan ba a ganinsa, kuma ba ya hayaƙi sosai. Mutum na iya taka wutar bai sani ba, sai dai ya ji zafi ko ya ga ciyawa na ƙonewa ita kaɗai. Don haka ake duba wurin da kyamara mai gano zafi. Kumfar kashe gobara ta yau da kullum ma narkewa take a kan metanol, sai an kawo wadda aka yi musamman don jure dangin barasa. Feshin ruwa mai ƙarfi kai tsaye watsa sinadarin yake yi. Amfanin ruwa shi ne sanyaya jikin tanka daga nesa, kuma da zarar an ji ƙarar bututun fitar da iska na ƙaruwa, ko launin ƙarfen ya sauya, kowa ja da baya yake.

Tufafin 'yan kwana-kwana na kariya daga zafi ne, ba sa tare guba. Dole a haɗa da tukunyar iskar shaƙa da rigar kariya daga sinadarai.

Waɗanda abin ya shafa

Ana fitar da mutum zuwa iska mai kyau, a cire masa tufafi da takalma, a kwarara ruwa a fata ko ido na aƙalla minti 20. Ba a hura masa iska baki da baki. Matsalar ita ce gubar kan yi jinkirin nuna kanta. Anilin na ratsa fata ya hana jini ɗaukar iskar oksijin, leɓe da farce su koma shuɗi, wani lokaci bayan sa'o'i. Ana magance wannan da wani magani mai suna metilin bulu. Metanol kuwa na iya makantarwa, kuma maganin fomefizol ko etanol, wato ainihin sinadarin barasa, ake bayarwa. Wanda ya ce garau yake ji, shi ma asibiti za a kai shi.

Ruwan da aka kashe wutar da shi

Wannan ɓangare ne aka fi yi wa sakaci. Ana tare malalar da shingen yashi ko ƙasa, a toshe magudanai, a kwashe da kayan aikin da ba sa tartsatsi. A ranar 1 ga Nuwamba 1986 gobara ta tashi a rumbun kamfanin sinadarai na Sandoz kusa da Basel a Suwizalan. An kashe wutar, amma ruwan ya kwashi magungunan ƙwari ya zuba a kogin Rayin, kifaye suka yi ta mutuwa har cikin Jamus. A Nuwamba 2005 kuma, fashewar masana'antar anilin a Jilin ta ƙasar Sin ta zubar da kusan tan 100 na sinadarin benzin (benzene) mai guba da dangoginsa a kogin Songhua, har birnin Harbin ya rufe ruwan famfo na kwanaki.