Aski a gidan kula da tsofaffi a Amurka: wa doka ta yarje wa ya riƙe almakashi?

A wurinmu wanzami gadon sana'a yake yi, ba wanda ke tambayarsa takarda. A Amurka kuwa duk jihohi 50 sai da lasisi ake sana'ar aski. Kowace jiha na da hukumarta da sa'o'in horon da ta gindaya kafin a zauna jarrabawa. Kalifoniya ta rage nata zuwa sa'o'i 1,000 daga shekarar 2022. To, tsohon da ke kwance a gidan kula da tsofaffi, wanda ba ya iya zuwa shago, wa zai yi masa aski?

Abin da doka ta fi sa wa ido shi ne kuɗi. Dokar Kalifoniya ta haramta yin aski ba lasisi ne idan don a biya mutum lada ne, kuma jihohi da yawa haka suka tsara tasu. Saboda haka ɗiyar da ta zo ziyara ta rage wa mahaifinta suma ba sana'a take yi ba. Amma wanda ke zagaya ɗakuna da injin aski a jaka yana karɓar dala goma-goma, wannan ya shiga hurumin hukuma, kuma tara na iya hawa kansa. Kiran kuɗin da sunan tukuici ba lalle ya fisshe shi ba.

Ma'aikatan gidan fa? Nan dokar tarayya ke shigowa. Tun gyaran dokar gidajen kula da tsofaffi na 1987, duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, wajibi ne ya kula da tsaftar wanda ba ya iya yi wa kansa. Bayanin da hukumar da ke kula da shirye-shiryen biyu ta fitar ya sa wanke kai, taje gashi da sauƙaƙan aski da ma'aikatan gidan ke yi cikin hidimar yau da kullum, wadda ba a cajin tsoho daban a kanta. Rini da shafa man miƙar da gashi, ko askin da ƙwararre daga waje ya zo ya yi, waɗannan ana iya cire kuɗinsu daga aljihun tsohon. Iyalai da dama ba su san wannan bambanci ba, sai su yi ta biya.

Mai lasisin ma ba sakaka aka bar shi ba. A Fulorida zai iya zuwa gidan tsofaffi ko asibiti idan rashin lafiya ya hana mutum fita, amma sai an shirya ta hannun shago mai rajista, in ban da wanke kai, rage suma da gyaran gashi, waɗanda aka ɗage musu wannan sharaɗi tun 2021.

A ganina tsaurin yana da hujja a nan fiye da a shagon kan titi. Fatar tsoho ba ta da kauri, da yawansu na shan maganin tsinka jini irin su warfarin, wasu na fama da ciwon suga da ke hana rauni warkewa da wuri, kuma injin da ba a tsabtace ba yana yaɗa makero daga wannan kai zuwa wancan. Sai dai hukumomin kan wuce gona da iri. A 2017 hukumar Arizona ta buɗe bincike kan wani ɗalibin gyaran gashi da ke yi wa marasa matsuguni aski kyauta a birnin Tucson, har sai da gwamnan jihar na lokacin, Doug Ducey, ya sa baki aka janye. Shi ya sa mai niyyar aikin sa kai ya fara neman izinin shugaban gidan a rubuce, da amincewar tsohon ko wakilinsa, kafin ya kunna inji.