Waiwaye: yaran gonakin koko da wa'adin da aka yi ta ɗagawa

Daga watan Oktoba zuwa Maris, lokacin babbar kakar koko a kudancin Gana da Kwaddibuwa, aikin gona ba ya jiran hutun makaranta. Ana tsinko 'ya'yan koko daga jikin itace, a tara su tsibi, sannan a zauna a riƙe kowanne a tafin hannu a sare shi da adda, a kwashe ƙwayar da ke ciki, a lulluɓe ta da ganyen ayaba har kusan mako guda kafin a shanya ta a rana. Sau da yawa hannun da ke riƙe da ɗan kokon a daidai lokacin da addar ke sauka hannun yaro ne ɗan shekara goma ko goma sha biyu, kuma shi ne zai ɗora kwandon ƙwayar a kansa zuwa gida. Waɗannan ƙasashe biyu su ke noma kusan kashi 60 cikin ɗari na kokon duniya.

Ƙorafi a kan gumin da ake zubarwa a gonar koko ya girmi ƙasashen biyu. A farkon ƙarni na 20, tsibiran Sao Tome da Principe da ke hannun Turawan Portugal suna cikin manyan masu noman koko, kuma da mutanen da aka kwaso daga Angola ake aikin, bisa wata takardar kwantiragi wadda a zahiri bauta ce. Bayan ɗan jaridar Ingila Henry Nevinson ya fallasa lamarin, kamfanin cakulan na Cadbury ya daina sayen kokon tsibiran a 1909, ya karkata zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can Tetteh Quarshie ya dasa koko a Mampong tun 1879, kuma zuwa 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya. Bambancin shi ne, a Gwalkwas ƙananan manoma ne ke da gonakin, kowa da iyalinsa, sai kuma 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar da maƙwabta, waɗanda yawanci ake ɗauka bisa tsarin da ake kira abusa, inda mai kula da gona yake samun kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda mazauna zango-zango na Gana ba su manta da ita ba, ta raba gonaki masu yawa da irin waɗannan ma'aikata.

Kwaddibuwa ta sha gaban Gana a ƙarshen shekarun 1970, bayan Shugaba Houphouët-Boigny ya buɗe daji ga duk mai son noma, ya ce ƙasa ta wanda ya nome ta ce. Mutanen Burkina Faso da Mali suka yi ta kwararowa. Muddin akwai sabon dajin sarewa kuma farashi na da kyau, tsarin yana tafiya. Da farashin koko ya faɗi a kasuwar duniya, sai aka rage kuɗin da ake biyan manomi da rabi a 1989, sannan a 1999 aka rushe hukumar da ke tsayar da farashi a ƙasar. Manomin da ya kasa biyan lebura babba bai bar gonarsa ta lalace ba. Ya juya ga 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan uwa. Wasu kuma suka karɓi samarin da dillalai ke rarrasowa daga tashoshin mota na garuruwa irin su Sikasso a Mali, da alkawarin albashi da keke, su ƙare a ɗakin da ake kullewa da dare.

Labarin waɗannan samari ne ya girgiza masu shan cakulan a Turai da Amurka a 2000 da 2001. Majalisar wakilan Amurka ta fara yunƙurin tilasta manna shaida a jikin cakulan cewa babu aikin bauta a cikinsa, kamfanoni suka nemi a bar su su gyara da kansu, aka kuma amince. A watan Satumba na 2001 aka sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sunayen Sanata Tom Harkin da ɗan majalisa Eliot Engel, wadda ta jingina da yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan mafi munin ayyukan da ake sa yara. An sa wa kamfanonin wa'adin Yuli 2005 su samar da tsarin tabbatar da cewa babu irin waɗannan ayyuka a noman koko. Shekara guda bayan sa hannu yaƙin basasa ya ɓarke a Kwaddibuwa, wanda uzuri ne na gaskiya, amma bai isa ya bayyana abin da ya biyo baya ba: an ɗaga wa'adin zuwa 2008, aka sake ɗagawa zuwa 2010, daga nan kuma aka sassauta burin gaba ɗaya, aka ce za a rage matsalar da kashi 70 cikin ɗari kafin 2020. Babu hukuncin da aka tanada ga wanda ya saɓa.

Da 2020 ta zo, cibiyar bincike ta NORC da ke Jami'ar Chicago ta fitar da ƙididdigar kakar 2018 zuwa 2019: yara miliyan 1.56 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin koko, kimanin 790,000 a Kwaddibuwa da 770,000 a Gana, kuma miliyan 1.48 daga cikinsu suna aiki mai haɗari, kamar sara da adda da ɗaukar kaya masu nauyi. Yawan yaran da ke cuɗanya da maganin feshi ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 24 cikin shekara goma. A lokaci guda kuma zuwa makaranta ya ƙaru a ƙasashen biyu, ma'ana yaro ɗaya ne yake zama a aji ranar Laraba, ya goya tankin feshi ko ya ɗebo wa mai feshi ruwa ranar Asabar. A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata, domin mafi yawan waɗannan yara ba sato su aka yi ba, a gonar iyayensu suke. Babu mai cewa kada ɗa ya taya ubansa aiki, kowa ya san haka tarbiyya take a ƙauye. Amma uban da ya miƙa wa ƙaramin yaro adda da guba ya yi haka ne saboda abin da buhunsa ke kawowa bai kai ya ɗauki babba ba, kuma abin da ke isa hannun manomi daga kuɗin sandar cakulan bai wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ba. An shafe shekara ashirin ana ƙirga yara ana wayar da kai, ba a taɓa wannan lissafin ba.

Ƙofar kotu ma ba ta buɗe ba. Wasu 'yan Mali shida da suka ce an yi safararsu suna yara sun kai ƙarar kamfanonin Nestlé da Cargill a Amurka, shari'ar da ta faro tun 2005, amma a watan Yuni na 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce abin da ake zargi ya faru ne a waje, don haka ƙarar ba za ta ci gaba a yadda aka shigar da ita ba. Gana da Kwaddibuwa sun haɗa kai a 2019 suka ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan domin manoma, sai dai masu saye sun riƙa zaftare wani ƙarin da ake biya saboda ingancin kokon, abin da ya cinye yawancin ribar. A 2024, bayan cutar kumburin reshe da rikicewar damina sun rage amfanin gona, farashin tan ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya. Da yake hukumomin ƙasashen biyu sun riga sun sayar da yawancin kokon tun kafin girbi, manomin Kwaddibuwa, wanda buhunansa suka ragu, sefa 1,500 aka biya shi a kilo daga watan Afrilu na shekarar, wato kimanin dala biyu da rabi, alhali kilon yana kai dala goma a kasuwar New York.