Waiwaye: Siffar Fiffiken Helikwafta da Iyakar Ƙarfinsa

Tun bayan faɗuwar jirgin soja mai saukar ungulu a yankin Adansi na ƙasar Ghana ranar 6 ga Agusta 2025, wanda ya halaka mutum takwas a kan hanyarsu daga Accra zuwa Obuwasi, majalisun Zangon Kumasi ba su daina muhawara ba. Rahoton bincike ya danganta lamarin da iska mai dannowa ƙasa a saman tsaunuka, sai wasu suka ce yaya iska za ta rinjayi jirgi mai ƙarfin inji haka. Tambayar ta daɗe a hannun masu ƙera jiragen sama.

An san farkon labarin: Juan de la Cierva ya tayar da jirginsa mai farfela a sama a Sifen a 1923, Igor Sikorsky kuma ya tayar da nasa a Amurka a 1939.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne darasin da aka koya a Ingila a tsakiyar shekarun 1930. An sa wa farfelar wani jirgi fukafukai masu ɗan doro a sama, domin doron yana ƙara ƙarfin ɗagawa. Amma idan gudu ya yi yawa, iska tana murɗa irin wannan fiffike, kuma na katako ba ya iya jurewa, sai hancin jirgin ya nufi ƙasa matuƙi ya kasa dawo da shi. Daga nan masu ƙira suka koma ga fiffiken da samansa da ƙasansa daidai suke, irin siffar da ake kira NACA 0012, suka riƙe shi shekaru da dama. Wannan siffa ba ta murɗewa, sai dai ƙarfin ɗagawarta yana ƙarewa da wuri, musamman a ɓangaren farfela da ke juyawa baya, inda iska ke bin fiffike a hankali. Sun zaɓi kwanciyar jirgi, suka biya da ragowar ƙarfi.

Sai da aka samu fukafukan roba mai zare da na'urorin sarrafawa masu ƙarfi aka dawo da doron, har helikwaftan Lynx na Ingila ya yi gudun da ya ɗan haura kilomita 400 a awa a 1986. Duk da haka iyakar ba ta gushe ba. Iskar ƙasarmu mai zafi da danshi ba ta da kaurin iskar ƙasashen sanyi, don haka jirgin da ya ɗauko kaya ya nufi tudu yana tashi ne da ɗan ragowar ƙarfi, wanda iska mai dannowa kan cinye cikin ƴan daƙiƙu.